Haliru Mai Agogo da Gafakar Surukinsa

Haliru Mai Agogo ɗan Bungudu ne, amma Gusau ta fi garinsu saninsa. Shekara talatin da 'yan kai ke nan yana zaune wuri guda a bakin Sabon Gari, cikin wani ɗan shago da in mutum uku suka shiga sai na huɗu ya tsaya a waje. Ubansa manomi ne, da rani kuma ya yi ɗinkin hula. Haliru ya yi karatun allo, ya taɓa firamare zuwa aji huɗu, daga nan aka kawo shi birni wurin wani Bayarabe mai gyaran agogo da ake kira Baba Raufu. Shekara shida ya yi a hannunsa. Abin da ya fi riƙewa daga bakin tsohon magana ce guda: cikin agogo goma da za a kawo maka, tara ba su lalace ba, datti ne ya cika su, saboda haka kada ka ce wa mutum ya sayi sabo sai ka wanke tsohon ka gani.

Da wannan maganar ya ci abinci, da ita ya yi aure. Matarsa Safiyatu ɗiyar Malam Idris ce, wani malamin zaure a Tsafe. An ce ranar da aka je tambaya, Malam ya ce, "Gyaran agogo? To, Allah shi sa sana'ar ta daɗe." Ya ba da ɗiyar, amma maganar ta iso kunnen Haliru, ta kuma zauna. Tun daga ranar tsakaninsu sai gaisuwa. Haliru ya tuɓe takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa, ya gaida, ya tashi. Bai taɓa cin ko gyaɗa a gaban Malam ba. Malam kuwa bai taɓa taka shagon ba, bai kuma taɓa kiran sunansa ba. Ɗan Bungudu yake ce masa.

Sai ga wayar hannu ta shigo, kowa lokacinsa na cikin aljihu. Sana'ar agogo ta fara mutuwa a tsaye, kamar yadda Malam ya hango. Abokan aikin Haliru suka watse, wani ya koma kabu-kabu, wani ya tafi Kaduna. Shi ya zauna. Ya ja wayar lantarki ya fara cajin wayoyin mutane, agogunan da masu su suka ƙi dawowa karɓa kuwa ya jera su a bango, kullum da safe ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya murɗa su don kada su tsaya.

Yadda ya shiga sabuwar sana'ar ba da shiri ba ne. Wani mai hatsi ya kawo caji yana ta mita, wai in ya shiga intanet duba farashin wake sai ya sha shayi ya gama shafin bai buɗe ba, an ce masa ya sayi sabuwa. Haliru ya ce ya bar masa ita kwana uku. Ba ya jin Turanci sai abin da ba a rasa ba, amma wanda ya saba da haƙoran agogo, waɗanda ba su kai ƙwayar gero ba, ba ya gajiya da bin abu a hankali. Ya danna nan ya ga abin da ya faru, ya koma ya danna can. A kwana na uku ya gane cewa burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, ita ma cika take yi. Duk shafin da aka buɗe ba a rufe ba yana nan maƙale. Duk hoton da aka taɓa gani ta ajiye guntunsa. Duk shafin da ya roƙi izinin turo sanarwa aka amsa masa, to ya sami wurin zama. Ya rage mata kaya, waya ta tashi da gudu. Mai hatsi ya tafi yana ba da labari a kasuwa.

Daga nan dattawa suka gane hanyar shagon. Samarin da ke gyaran waya suna da sauri, amma ba sa jira a gama yi musu bayani. Haliru zai ba ka benci, ya saurare ka har ƙarshe, ya maƙala tsohon gilashin agogonsa a ido ko da ba ya bukatarsa, ya tambaye ka kafin ya taɓa kome. Maƙwabcinsa Sule mai gyaran waya, wanda magani ɗaya gare shi ga kowace cuta, wato filashin, a goge waya tas ta koma kamar sabuwa, yakan leƙo ya ce, "Tsoho, kai har yau shara kake yi da tsinke?" Haliru ya ce, "Kai da ke rushe ɗaki don ka kashe ɓera, ina ruwanka da tsinke?"

Shekarar da aka katse layukan waya a Zamfara, makonni ba mai shiga intanet, Sule ya rufe shago ya tafi ƙauye. Haliru ya sauko da agogunan bango ya wanke su duka, ya zauna jira.

To, ranar da ake son ba da labarinta wata Alhamis ce. Agogunan bango sun nuna sha biyu saura kwata, Haliru na sunkuye kan tebur, sai ya ji sallamar da ta sa ya miƙe har gilashin ya faɗo daga idonsa. Malam Idris ne tsaye a ƙofa da sandarsa, ƙurar motar Tsafe a gefen rawaninsa. A bayansa autarsa ce, Rabi'a, idanunta sun yi ja.

Haliru ya kakkaɓe benci, ya shimfiɗa darduma a kai, shi kuma ya durƙusa a ƙasa. Aka gaisa, aka tambayi Iya matar Malam, aka tambayi yara da hanya. Sannan Malam ya ciro waya daga aljihun gaba, a nannaɗe cikin farin ƙyalle.

"Ɗan Bungudu, abin ga ya ƙi tahiya. Ita za ta gaya maka."

Rabi'a ta yi bayani tana haɗiye kuka. Makarantar koyon aikin ungozoma ta ɗauke ta, bayan shekara biyu tana nema. Saura ta shiga shafin makarantar ta danna cewa ta karɓi gurbin, ta tura hotonta, kafin ƙarfe huɗu na yau. In huɗu ta wuce, an ba wani. Wayarta ta faɗa rijiya tun watan jiya, da layin da kome. Da wayar Baba ta cika takardar neman, kuma kalmar sirrin ta manta ta, burauzar wayar ce kaɗai ke riƙe da ita. In ta ce a sake mata wata, lambar tabbatarwa can za a tura, layin da ke ƙasan rijiya. Ga shi kwana uku da an taɓa burauzar sai ta daskare.

"Auta," in ji Haliru, "ke da za ki riƙe jariran mutane, waya ma ta suɓuce miki?"

"Yaya Haliru, don Allah yau ba ranar wasa ba ce. In ka gyara, na yarda kai ne mijin, Yaya Safiya ta koma kishin banza."

"Wa zai kwashi mai jefa kaya rijiya?"

Malam ya yi kamar bai ji ba, don wasan miji da ƙanwar mata ba a shiga tsakaninsa.

Sule ya riga ya leƙo. Ya gaida Malam, ya ce minti ashirin ya isa, a yi mata filashin. Haliru ya ce in aka yi haka kalmar sirrin ta bi ruwa, gurbin ya bi ta. Sule ya ɗaga kafaɗa, amma bai tafi ba, ya jingina da ƙofa yana kallo.

Haliru ya fara da abin da ya saba. Ya kashe intanet ɗin wayar gaba ɗaya, don kada shafuka su yi ta kokawar buɗewa, sannan ya taɓa burauza ya jira. Ta yi fari, ta yi baƙi, can ta buɗe. A saman kusurwa akwai ɗan akwatin da ke nuna yawan shafukan da ke buɗe. A wayar mutane yakan ga bakwai, ko ashirin, ko hamsin. A nan babu lamba, sai wata 'yar fuska mai dariya, alamar cewa lissafi ya wuce ɗari har manhajar ta daina ƙirga. Ya danna, ya jira kusan minti biyar. Da jerin ya fito, sai ga shafuka sun haura ɗari shida.

Ya bi su da ido. Tafsiri, hadisi, addu'ar shiga kasuwa, hukuncin zakkar hatsi. Shafin lokutan salla kaɗai ya fi sau ɗari biyu, don kullum da asuba Malam sabo yake buɗewa.

"Malam, an gano cutar. Kaya ne suka yi mata yawa. In an rufe shafukan ga, za ta tashi."

"A rufe ta yaya?"

Haliru ya nuna masa 'yar alamar da ke kusurwar kowane shafi, layi biyu a gicciye.

Malam ya miƙo hannu ya karɓe wayarsa. "Wannan ai soke abu ne. Haka malamin boko ka yi ma yaro in ya yi kuskure. Ayar Allah za ni soke? Tun da nike ban taɓa yar da takarda mai sunan Allah ba. In na tsince ta a hanya, sai na ɗauka na sa a ramin bango. Ina tsufa sannan in hwara zubar da su ɗari shida rana ɗaya?"

"Baba," in ji Rabi'a, "kowa fa rufewa yake."

"Kowa ba shi za ya amsa tambayata ba."

Da wani ne, da Haliru ya ce masa ba haka ba ne, ya yi bayani a gama. Amma wannan surukinsa ne, kuma malami, a gaban ɗiyarsa, ga Sule a ƙofa. Mai gyaran agogo ba ya buɗe baki ya ce wa Malam Idris ya yi kuskure a kan abin da ya shafi aya. Kuma a ransa ya san tsohon ba wauta yake ba, ladabi ne ya kai shi. Sule ya matso ya raɗa masa cewa ya bari Malam ya tafi salla, su rufe abinsu, wa zai sani. Haliru ya girgiza kai. Bai taɓa taɓa kayan mutum a bayan idonsa ba, ba zai fara da na suruki ba.

Aka kira azahar. Suka tafi masallaci, wayar na aljihun Malam. Rabi'a ta yi tata a gidan maƙwabta. Haliru dai ya idar da salla, amma ya daɗe zaune yana juya abin. Da suka dawo biyu da rabi ta gota.

Ya durƙusa inda yake ɗazu. Ya sauko da wani ƙaramin agogon tebur, ya buɗe bayansa, ya sa tsinken aikinsa ya tare ƙafar da ke kaiwa da komowa. Agogo ya yi shiru.

"Allah gafarta Malam, ina da tambaya, ta daɗe tana damuna. Yanzu da na tsayar da wannan, la'asar ta tsaya?"

Malam ya dube shi. "Wace irin tambaya ce wagga? La'asar na wurin rana."

"To agogon fa?"

"Nuni kawai shi kai."

"Na gode, Malam. Abin da ya sa na tambaya, ni a ɗan sanina wayar ma haka take. Amma Malam ya duba ya gaya mini ko na yi kuskure."

Ya ciro tasa wayar, ya nemo shafin tafsirin da ke saman jerin Malam, ya buɗe. Ya ce Sule ya buɗe shi a tasa. Aka jera wayoyi biyu a kan tebur, aya ɗaya, shafi ɗaya. Haliru ya danna alamar giciyen a tasa, shafin ya ɓace. Ya ma kashe wayar ɗungum. A ta Sule aya na nan, ko wasali bai motsa ba.

Malam ya ɗauki wayar Sule ya kawo ta kusa da ido, ya karanta ayar a hankali har ƙarshe. Ya ajiye.

"Ke nan rubutun ba ciki shike ba."

"Yana can inda aka ajiye shi. Wannan nuni ne."

"In na rufe, ya za a yi in sake samo shi? Wasu na sha wuya kahin in same su."

Nan Haliru ya kunna wayarsa, ya nuna masa 'yar tauraruwar da ke saman shafi. In an danna ta, burauza za ta riƙe adireshin shafin a wata ma'ajiya, ba nauyi, ba cin wuri, duk ranar da aka so a buɗe. Ya gwada sau biyu a gabansa. Malam ya shafa gemu.

"Wannan ai gafaka ce," ya ce. "An gama karatu, an haɗa takardu, an mayar cikin jakar fata an rataye. Ba wanda ya ce an yar da Alƙur'ani don an sa shi gafaka. Mi ya hana ka ce haka tun ɗazu?"

"Ban san sunanta ba sai da Malam ya faɗa."

Malam ya miƙo wayar. Uku saura minti biyar.

Haliru ya buɗe sabuwar ma'ajiya, Rabi'a ta rubuta mata suna Gafaka. Malam ya so a bi shafukan ɗaya ɗaya da bisimilla. Haliru ya roƙi arziki a yi bisimilla ɗaya ta wadatar, kamar yadda ake yi wa akushi guda. Malam ya yarda, ya yi ta da kansa. Haliru ya zaɓi shafukan duka, ya tura su ma'ajiyar. Waya ta daskare. Minti ɗaya, biyu, shida. Rabi'a ta tashi ta zauna, ta sake tashi. Sule ya ce ta mutu. Haliru bai taɓa ta ba, ya san abin da ke ɗauke da kaya ba a tunkuɗa shi. Can ta numfasa. Ya buɗe Gafaka ya nuna wa Malam jerin, sannan ya rufe shafukan, ya bar na makaranta shi kaɗai.

Da ya kunna intanet, sai sanarwa suka fara zubowa kamar an buɗe buhu. Tallar caca, tallar maganin ƙarfi, wata mata da ba ta da isasshen mayafi. Malam ya kau da kai yana istigfari. Ya ce kullum haka suke masa, bai san inda ya gayyato su ba. Haliru ya ce shafuka kan yi tambaya, a yarda ko a hana. Malam ya ce shi duk wanda ya yi sallama amsawa yake. Haliru ya shiga inda ake ba da izinin, ya tarar da baƙi arba'in da ɗaya, ya sallame su duka.

Shafin makaranta ya fara buɗewa, ya tsaya rabi. Uku da minti ashirin. Saura tarkacen hotuna da guntayen shafukan da burauza ta tara shekara huɗu. Haliru ya buɗe wurin sharewa. Akwatuna ne a jere, kowanne da alamar zaɓi a ciki, maɓallin sharewa na ƙasa. Rabi'a, da ta ga abin ya zo kusa, ta kai yatsa.

Haliru ya kifa tafin hannunsa a kan wayar.

"Auta, janye. Wannan akwatin shi ke riƙe da shigarki shafin makaranta. Wancan kuma kalmar sirrinki ce. Kin danna haka, kin sake jefa waya rijiya."

Ta mayar da hannun bayanta kamar ta taɓa wuta. Ya cire zaɓin daga kowane akwati, ya bar na tarkace kaɗai, ya sake dubawa sau biyu da gilashi a ido.

"Tsaya," in ji Malam. "Cikin tarkacen ga babu guntayen ayoyi?"

"Ba za a rasa ba, Malam."

Tsohon ya yi ɗan tunani. "Allo a ka wankewa, ba karatu ba. Amma ruwan wankin, ina shi ka zuba?"

Haliru zai iya ƙirƙiro amsa, ba wanda zai kama shi. Ya ce, "Gaskiya ban sani ba, Malam. Abin da na sani, shekara goma ina wannan aikin ban taɓa ganin ya ɗiga ƙasa ba."

"In ba shi taɓa ƙasa, wanke."

Ya danna. Shafin makaranta ya buɗe gaba ɗaya, da sunan Rabi'a a sama. Ta karɓi gurbi, ta tura hoto, ɗan da'irar ya juya sau uku ya tsaya, takardar shaida ta fito. Agogunan bango, duk goma sha ɗaya, suka ce huɗu saura minti goma sha tara. Ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Sule ya karɓi wayar ya tafi buga takardar, ya ce kada a ba shi ko sisi.

Da Sule ya dawo da takardar, Malam ya nannaɗe wayarsa cikin ƙyalle. Ya miƙe, sai kuma ya tsaya yana duban bango. Ya sa hannu can cikin aljihun ciki ya ciro wani tsohon agogon hannu, fatarsa ta tsage, gilashinsa ya yi hazo. Na mahaifinsa ne. Shekara ashirin ke nan da tsayawarsa, yana yawo da shi, bai taɓa ba kowa ba. Ya ajiye a kan tebur.

"Malam Haliru, in ka sami sarari ka duba man wannan."

Haliru bai ɗago ba. Ya ce to, ya raka su har bakin titi, ya tsayar musu da mai keke zuwa tasha, don Malam ya ce a can za su yi la'asar kada motar Tsafe ta cika. Da ya dawo ya zauna ya daɗe bai taɓa kome ba. Sannan ya maƙala gilashi ya buɗe bayan agogon. Ba abin da ya karye a ciki. Datti ne.

Rabi'a yanzu tana shekara ta biyu, ranar hutu takan biyo shagon da farin kayanta ta ce a ba amarya kuɗin mota. Daga Tsafe kuwa dattawa na zuwa jefi jefi, kowanne da waya a nannaɗe, su ce Malam Idris ne ya turo su wurin surukinsa a sa musu karatu a gafaka. Sule ma ya koyi aikin, sai dai har yau in ya zo kan akwatunan nan yakan leƙo ya ce, "Tsoho, wanne ne ba a taɓawa?"